Taswirar da ta shayar da gonar maƙwabci: nazarin lamarin wani lambu a kudancin Sinnar

Lambun da mutanensa

Lambun yana gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kudu da garin Sinnar a ƙasar Sudan, a yankin da jikokin muhajiran ƙasar Sakkwato suke zaune. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jan jama'a gabas har suka yada zango a wannan gaɓa, garin da suka kafa kuwa sunansa yake amsawa har gobe. A ƙauyukan nan mutum zai gaishe ka da Hausa, ya yi ciniki da Larabci, ya tsawata wa yaro da Fulatanci.

Wata ƙungiyar manoma ce ke da lambun. Ba ya cikin babban aikin noman ban-ruwa na Jazira wanda madatsar Sinnar ke shayarwa tun 1925. Nasu ruwan injin ne ke ɗago shi daga kogi, injin da a nan ake ce wa babur, shi kuwa man dizal yake sha, wato jazulin. Girman lambun fadan 60 ne, kowane fadan murabba'in mita 4,200. Tsawonsa mita 900 daga kudu zuwa arewa, faɗinsa mita 280. Babban jadawal, wato hanyar ruwa, ya raba shi biyu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Hawasha, wato gonar manomi ɗaya, 18 ne a gabas ta wajen kogi, galibi ayaba da mangwaro. 18 a yamma, albasa da tumatir. Kowace hawasha mita 50 ce a bakin jadawal, ta miƙa mita 140 ciki. Ana ƙirga su daga kudu, inda babur yake. Wannan mita 50 ɗin mai karatu ya riƙe ta, don duk abin da zai biyo baya a kanta yake juyawa.

Ƙasar ba iri ɗaya ba ce. Kudancin lambun akwai ɗanyen turɓayar da kogi ke ajiyewa, tana saurin bushewa. Arewaci kuwa baƙar laka ce mai riƙe ruwa, in ta bushe ta dare har hannu ya shiga.

Oktoba 2020: dalilin kawo na'urori

Ambaliyar damanar 2020 ta wuce ta 1946 da ta 1988 a ma'aunin Khartum, jihar Sinnar kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ruwa ya janye ya bar lambun da gyaran jadawal da bashi. A ƙarshen Oktoba gwamnati ta ɗaga kuɗin mai sosai, ga layi a gidajen mai. Tsarin da aka gada shi ne kowace hawasha ta sha ruwa in layinta ya zo, tana buƙata ko ba ta buƙata. Da jazulin ya yi tsada sai aka fara ganin ɓarnar da ke cikin wannan.

Wani ɗan ƙauyen da ya gama karatun injiniyan lantarki ya kawo shawara: a binne na'urar auna danshi a kowace hawasha, kowace da ƙaramin rediyo da batir, su riƙa miƙa wa juna saƙo har ya kai ga uwar na'ura a ɗakin babur, daga can taswira ta fito a waya. Inda ya bushe ja, inda ya isa kore. Kwamiti ya amince, ya kuma yanke cewa wannan kakar taswira za a bi, ba layi ba. Mai kula da babur, dattijo ne da ya shekara da shekaru yana buɗe ruwa, aka umarce shi da kada ya buɗe wa kowa sai ja ya nuna.

Nuwamba 2020: kafawa

Na'urorin 36 ne, rediyonsu na zangon gigahaz 2.4, irin wanda ake haɗa ƙananan na'urori marasa cin wuta da shi. Ba a sa wa kowace GPS ba, saboda tsada da cin batir. Maimakon haka aka kafa manyan na'urori 7 a kan sanduna masu tsawon mita 3, kowace da GPS da ƙaramin faifan sola, tazarar mita 150 tsakaninsu. Su ne turaku: sun san inda suke, sauran kuma za su gano nasu wurin ta hanyar auna nisansu da turaku uku mafi kusa. Yadda ake auna nisan shi ne ta ƙarfin sigina. In sigina ya iso da ƙarfi, an ce turken yana kusa. In ya iso a raunane, an ce yana nesa.

Duka turakun 7 a kan gaɓar babban jadawal aka jera su. Akwai dalili: nan ne kaɗai tudun da ambaliya ba ta taɓa ba, kuma mai gadi yana iya hango faifan sola daga ɗakinsa.

Ƙananan na'urorin a buhu aka kawo su. Samari huɗu suka raba, kowa ya binne nasa a tsakiyar hawasha, zurfin santimita 20, eriya tana leƙowa kamar taki ɗaya sama da ƙasa. Babu wanda ya rubuta wace lamba ce ta shiga wace hawasha. Da wani ya tambaya, aka ce ai amfanin tsarin ke nan, kowace na'ura za ta gano wurinta da kanta.

Taswirar hawashoshi kuwa daga kurokin filin aka ɗauko ta, wato tsohuwar takardar safiyo da ke cikin fayil ɗin ƙungiya. Injiniyan ya kwafe lambobin kusurwoyinta ya shigar a kwamfuta.

Daren da aka kunna tsarin, ɗigon na'urorin gabas da dama suka fito a cikin kogi, turakun kuma suka fito a tsakiyar gonakin ayaba maimakon bakin jadawal. Injiniyan ya ɗauka takardar ce ta tsufa. Ya kama taswirar ya ja ta gabas da hannu har layin jadawal ya hau kan layin turaku. Kogi ya koma wurinsa, komai ya yi kyau a ido. Ɗigon ƙananan na'urorin ba su zauna daidai tsakiyar hawashoshi ba, sun ɗan warwatse, amma an san wannan hanyar ba ta rasa ɗan kuskure. Manhajar tana ɗora kowane ɗigo a kan hawasha mafi kusa da shi, inda babu ɗigo kuma ta cike launi daga maƙwabta. Abin da manoma ke gani a waya launi ne kawai, ba ɗigo ba.

Disamba 2020: jan da ba ya gushewa

Makonni uku na farko babu wanda ya yi ƙorafi. An dasa albasa, kowa yana samun ruwa, ko da ba a kan tsohon layi ba.

Abu na farko da mai babur ya lura da shi: sai ya buɗe wa hawasha ruwa saboda ta yi ja, ta sha ta ƙoshi, gari ya waye tana nan ja. Sai ya ƙara. Wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu, da ya shayar da wata hawasha ta kudu da ita, sannan ta koma kore. Ya faɗa wa injiniya, aka ce masa laka ce, ruwa yana ɗaukar lokaci kafin ya sauka inda na'urar take.

Na biyu ya fi muni. Hawasha ta 7 a yamma ta wata mata ce da mijinta ya rasu, ita da 'ya'yanta suke noma albasa. Taswira ta nuna gonarta kore kwana 19 a jere. Albasa saiwarta ba ta nisa, yawanci a santimita 30 na sama take, kuma ƙasar wajen mai saurin bushewa ce. Bakin ganye ya fara rawaya yana lanƙwasa. Ta je wurin mai babur sau biyu.

"Baffa, ka zo ka taka ƙasar da ƙafarka. Ko kaza ba za ta tone ta ba."

"Na gani, 'yata, wallahi na gani. Amma kwamiti ya ɗaure min hannu. Ga waya, duba, kore ce."

A daidai wannan lokacin wata gonar ayaba a gabas, ta 8, ba ta rabuwa da ja. An shayar da ita sau uku cikin kwana 12, har ruwa ya kwanta a gindin ayabar. Mai gonar surukin mai babur ne. Ba sai an faɗi abin da mutane suka ce ba. Bayan sallar Juma'a magana ta kai gaban shugaban ƙungiya, wasu suna cewa dattijon da yaron sun haɗa baki. A ranar aka buɗe wa matar ruwa bisa umarnin shugaba, ba bisa taswira ba.

Littafin mai babur ya nuna cewa sa'o'in aikin injin a Disamba sun ɗan haura na Disambar bara, alhali don a rage su aka kawo tsarin. Na'urori uku kuma batirinsu ya mutu cikin mako shida, bayan an yi lissafin zai kai ƙarshen kaka.

Ƙarshen Disamba zuwa tsakiyar Janairu: abin da aka gwada bai yi ba

Zargi na farko a kan ma'aunin danshin ya faɗa, kuma zargi ne mai hankali. A baƙar laka, in ƙasa ta dare kusa da ma'auni, iska yake aunawa ba ƙasa ba, sai ya ce an bushe alhali da danshi. Aka tono shida, aka gwada su a bokitin busasshiyar ƙasa da na jiƙaƙƙiya. Duka shida lafiya lau. Aka mai da su ramukansu.

Sai aka koma kan rediyo. Injiniyan ya ga ƙarfin sigina yana hawa yana sauka, ya sa manhajar ta riƙa ɗaukar awo 200 ta fitar da matsakaici maimakon awo 10. Ɗigon suka daina rawa a taswira, suka tsaya cak. Wannan ya kwantar da hankali, amma bai gyara komai ba. Matsakaici yana maganin kuskuren da ke kaiwa da komowa ne kawai. In kuskuren gefe ɗaya ya karkata kullum, ko awo dubu aka ɗauka, sai dai a ƙara tabbatar da wurin da ba shi ba.

Na uku, ya sake gwada dangantakar sigina da nisa. Ya ɗauki na'ura biyu zuwa filin ƙwallo, ya auna sigina a mita 10, 20, 40, 80, ya gyara lissafin. A gefen albasa abin ya ɗan inganta. A gefen ayaba ya ƙara lalacewa, don filin ƙwallo ba shi da ganye.

An kuma kawo shawarar a saya wa kowace na'ura GPS. Kwamiti ya ji kuɗin ya yi shiru. Ban da kuɗi, GPS na cin batir, a ƙarƙashin inuwar mangwaro kuma ba ya ganin taurarin ɗan'adam sosai. Aka ajiye maganar.

Ƙarshen Janairu 2021: gwajin jarka

Mai babur ne ya kawo abin da ya warware lamarin, shi da ake zargi. Ya sami injiniyan a ɗakin babur da sassafe.

"Bashmuhandis, ni ban san rediyo ba. Amma in na zuba wa abin nan ruwa a ka, dole ya faɗa, ko ba haka ba?"

"Haka ne, Baffa."

"To tashi mu je gonar yarinyar nan. Ni zan zuba, kai ka duba wayarka ka gaya min gonar wa ta jiƙa."

Suka ɗora jarka biyu a kan jaki. A hawasha ta 7 ta yamma dattijon ya yi ɗan kewaye da fartanya a gefen na'urar, ya tuttule jarkar farko a hankali, ya jira ta nutse, ya ƙara ta biyu. Injiniyan ya danna maɓallin da ke tilasta wa na'urar aika awo nan take. Suka tsuguna suna kallon waya. Hawasha ta 7 ba ta motsa ba, dama kore take. Can tsallaken jadawal, gonar ayaba ta 8 ta gabas, wadda ta kwana ja, ta juya kore a gaban idonsu. Ƙishirwar albasar matar ce ake ta kashewa a gonar surukin mai babur.

Suka tsallaka suka nemi na'urar da ke riƙe da koren gonarta. Ta gonar ayaba ta 5 ce, a inuwa, inda ƙasa ba ta taɓa bushewa sosai ba.

Kwana biyu aka yi ana bin na'urorin ɗaya bayan ɗaya da jarka. Cikin 36, guda 4 ne kaɗai taswira ta ajiye a hawashar da suke. Guda 9 sun tsallake jadawal zuwa ɗaya gefen. Kusan duka kuma, har da waɗannan 9, an tura su arewa da hawasha ɗaya ko biyu.

Kurakuran da aka gano

Ba kuskure ɗaya ba ne. Uku ne suka hau kan juna, kowane da asalinsa.

Na farko daga takarda ya fito. Lambobin wuri ba su da ma'ana sai an san ma'aunin duniyar da aka ɗora su a kai. GPS yana aiki da ma'aunin WGS 84. Tsofaffin taswirorin Sudan kuwa da yawa a kan ma'aunin Adindan aka zana su, wanda ya samo suna daga wani wuri a can arewa wajen iyakar Masar, kuma ya dogara da siffar duniya ta Clarke ta 1880. Wuri ɗaya, lambobi biyu. A wannan yanki, in ka ɗauki lambar GPS ka ɗora ta kai tsaye a kan taswirar Adindan, ɗigon zai faɗi kimanin mita 100 arewa maso gabas da inda ya kamata, wato wajen mita 75 gabas da wasu 75 arewa. Kurokin ba shi da laifi, daidai yake a kan ma'auninsa. Da injiniyan ya ja taswira da hannu, rabin gabas ya gyara, don kogi da jadawal suna nuna masa. Rabin arewa babu abin da zai nuna shi: jadawal kusan miƙaƙƙe ne daga kudu zuwa arewa, ko ka zame shi da mita 75 yana nan kamar yadda yake. Mita 75 a inda hawasha take mita 50, hawasha ɗaya da rabi ke nan.

Wannan ne ya sa ja ba ya gushewa. Na'urar da ke hawasha ta 10 ta ji ƙishi, taswira ta ce ta 12 ce, aka shayar da ta 12, ta 10 na nan a bushe, ja na nan. Ita kuma ta 10 ba za ta sha ba sai ta 8 ta ji ƙishi. Dalilin da ya sa abin bai fashe da wuri ba shi ne maƙwabta sukan shuka abu ɗaya a lokaci ɗaya, ƙishirwarsu tana zuwa kusan tare. Inda ƙasa ta canja daga turɓaya zuwa laka, ko amfanin gona ya canja, nan ne ya yi ɓarna.

Na biyu daga jerin turaku ya fito. In na'ura ta san nisanta da turke ɗaya, tana wani wuri a kan da'irar da ke kewaye da shi. Da turke biyu, da'irori biyu suna haɗuwa a wuri biyu, ɗaya a kowane gefen layin da ya haɗa turakun. Turke na uku ne ke raba gardama, amma sai in ba a kan layin yake ba. In duka a layi ɗaya suke, wurin da ke mita 70 gabas da jadawal da wanda ke mita 70 yamma nisansu ɗaya ne da kowane turke, lissafi ba shi da hanyar bambance su. Abin da ya hana duka na'urorin rikicewa ɗan lanƙwasar da jadawal ya yi ne a tsakiya. Amma lanƙwasar 'yan mitoci ce, kuskuren awon nisa kuwa ya ninka ta, don haka a wurare da yawa manhajar tamkar ƙuri'a take jefawa. Guda 9 suka faɗi a gefen da ba nasu ba.

Na uku shi ne awon nisan kansa. A sarari, inda babu abin da ya tare, duk lokacin da nisa ya ninka sigina yana raguwa da desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sigina. Ma'ana in wani abu ya cinye desibel 6 a hanya, na'urar da ke mita 40 za ta zaci tana mita 80. Ganyen ayaba faffaɗa ne cike da ruwa, ruwa kuwa yana shan sigina a wannan zango. Eriyar da ke dab da ƙasa tana asarar sigina fiye da wadda ke sama. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da busasshiya ba sa mayar da sigina iri ɗaya, zafin rana ma yana rage ƙarfin ƙananan rediyo. Don haka na'urar da ba ta motsa ko taki ɗaya ba, sai ta riƙa tafiya a taswira yayin da ayaba ke girma.

Mutuwar batir ma nan ta samo asali. Kowace na'ura tana miƙa saƙonta ga maƙwabciyar da taswira ta ce ta fi kusa da ɗakin babur. Na'urori ukun nan an ɗora su a wuraren da suka sa maƙwabta da yawa suke ganin su ne hanya mafi kusa, alhali siginar da ke tsakaninsu mai rauni ce. Saƙo ya faɗi, a sake aikawa, ya sake faɗi. Haka batir ya ƙare.

Fabrairu 2021: gyara

Gyaran bai ci kuɗin kirki ba: tef ɗin awo na mita 50, fegi, gwangwanin fenti. Aka ɗauki kusurwar dandamalin sumuntin da babur ke zaune a kai a matsayin mafari, aka auna bakin jadawal hawasha bayan hawasha, aka kafa fegi. Kowace na'ura aka rubuta mata sunan hawasharta da fenti, kamar "Yamma 7", aka shigar da wurinta a manhaja da hannu, aka kashe sashen da ke lissafa wuri daga sigina. Injiniyan ya sake shigar da kurokin ta manhajar taswira mai suna QGIS, wannan karon ya gaya mata ma'aunin Adindan ne, ta juya shi zuwa na GPS. Kusurwoyin suka faɗi a kan fegin da bambancin 'yan mitoci, abin da GPS na waya ke bayarwa ke nan a fili, wajen mita 5. Aka kuma hana manhajar cike launi daga maƙwabta. Hawashar da na'urarta ta yi shiru sai ta fito fari, mai babur ya je ya duba da ƙafarsa.

Turaku biyu aka cire daga jadawal, ɗaya aka kai saman rumbun albasa a iyakar yamma, ɗaya bakin kogi. An ɗaga eriyar ƙananan na'urori a kan gora zuwa mita ɗaya da rabi. An canja hanyar miƙa saƙo ta koma bin ingancin sigina tsakanin na'urori, ba wurin da taswira ta ce ba.

Ba a zubar da awon sigina gaba ɗaya ba, aiki aka canja masa. Yanzu manhajar tana riƙe yadda kowace na'ura ta saba jin turaku, in abin ya sauya farat ɗaya ta yi ƙararrawa. A Maris ta yi ƙara a kan wata hawashar tumatir. Da aka je, mai gonar ya tono na'urar ya kai ta kan tudun kusurwa inda ruwa ba ya kaiwa, don gonarsa ta riƙa yin ja. Kwamiti ya ci shi tara, aka mai da ita.

Afrilu 2021 zuwa kakar 2022: sakamako

Albasar matar ta tsira amma ba ta yi kai ba. Buhunanta sun gaza na maƙwabtanta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙungiya ta yafe mata kuɗin jazulin na kakar. Ayabar surukin mai babur ta yi rawaya a layuka biyu na ƙasa, ta farfaɗo. Shugaban ƙungiya ya wanke dattijon a gaban jama'a. A jimlar kakar farko ba a rage mai ba.

A kaka ta biyu, bayan an janye tallafin mai gaba ɗaya a Yunin 2021, littafin mai babur ya nuna sa'o'in injin sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, yawanci daga hawashoshin laka na arewa waɗanda tsohon layi ke shayarwa fiye da buƙata. Ba duka ragin ne na na'urori ba, don an gyara yoyon jadawal a shekarar. Lokacin da aka katse intanet na sama da mako uku bayan 25 ga Oktoba 2021, taswirar waya ta tsaya, amma uwar na'ura tana nuna jerin sunaye da awo a ƙaramin allonta, kuma tunda kowace na'ura sunan hawasharta take amsawa, aiki bai tsaya ba.

Hukunci

Ma'aunan danshi ba su taɓa yin ƙarya ba a wannan lamari. Kowane awo daidai yake, sunan gonar da aka liƙa masa ne ba daidai ba. Awon da ya ɓata yakan tona kansa, ka ga lambar da hankali ba zai ɗauka ba. Awo mai kyau a wurin da ba nasa ba kuwa ba shi da alama, shi ya sa aka yi wata biyu ana neman laifin a inda ba ya nan.

A ganina babban kuskuren ba na lissafi ba ne, na zaɓi ne. Hanyoyin da na'ura ke gano wurinta da kanta an ƙirƙire su ne don inda mutum ba zai iya aunawa ba: ɗaruruwan na'urori da aka watsa a daji, ko waɗanda ke rataye a wuyan dabbobi suna yawo. Na'ura 36 da aka binne da hannu a lambun da ake ratsawa cikin kwata na awa ba sa buƙatar wannan. Alƙalami da takarda a ranar binnewa sun isa. Injiniyan ya yi abin da aka koya masa, kuma ya yi shi da kyau. Abin da ba a tambaya ba shi ne kuskuren mita nawa wannan aikin zai iya jurewa. Amsar tana nan tun farko: na'ura a tsakiyar hawasha mai faɗin mita 50, in ta kauce da fiye da mita 25 ta shiga gonar wani. Awon nisa ta ƙarfin sigina a cikin ayaba ba zai yi alkawarin wannan ba. Da aikin hasashen zafin yankin ne gaba ɗaya, kuskuren mita 75 ba zai dami kowa ba.

Kwamiti ma yana da nasa kason. Hana mai babur aiki da idonsa ya cire abu ɗaya tak da zai iya kama kuskuren da wuri, kuma ya kama shi tun makon farko na Disamba, aka ba shi amsar laka. Gwajin jarka na kwana biyu ne. Da an yi shi kafin a buɗe ruwan farko, da hawasha ta 7 ba ta yi kwana 19 ba.

Akwai abin da har ƙarshen kaka ta biyu ba a magance ba, shi ne zurfi. An binne ma'aunan a santimita 20, amma duk lokacin da aka yi huɗa ko aka tayar da kunya, ƙasar da ke kansu tana ƙaruwa ko raguwa. Da aka tono wasu a ƙarshen kakar, an sami mai santimita 12, an sami mai 31. Ga albasa wannan bambanci ne babba, kuma ƙararrawar sigina ba ta jin sa, tunda eriyar tana nan a kan gorarta. Abin da aka tsayar shi ne a riƙa tono su ana sake binnewa da ma'auni bayan kowace huɗa, aikin da ke cin yinin mutum biyu, wanda kuma kwamiti bai riga ya yanke wa zai biya ba.